"Ni takarda aka ba ni, ba ruwa ba"

Jiya da hantsi ina tsaye ƙofar gida a Sabuwar Unguwa, ɗan ga-ruwa na sauke min jarkoki daga kurarsa, sai ga wani saurayi a kan babur, jaka a rataye. Ko sallama babu. Ya zaro takarda ya miƙo min ta saman kan ɗan ga-ruwan. Kuɗin ruwa ne, har da bashin watannin baya.

Na ce, "Samari, wane ruwan?"

Ya ce, "Na famfo mana, Baba."

Na ce bismilla, shigo zaure. Na murɗa famfon har ƙarshe. Ya yi tari sau biyu kamar tsoho mai asma, ya huro iska, ya yi tsit. Na nuna masa saƙar gizo-gizo a bakinsa, na ce rabonsa da ɗigo tun kafin azumi. Yaron nan ko kallo bai yi ba, waya yake latsawa.

"Baba, ni takarda aka ba ni, ba ruwa ba. Dam ne ya ja baya."

"To da damina fa, da dam ke ambaliya?"

"Lokacin inji ne."

Na haɗiye fushi, na ce to yanzu ruwa nawa ya rage a dam ɗin? Nan ne fa ya ɗago kai. Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi wani murmushi, ya ce, "Aunawa za ka je yi? In ba ka biya ba dai a yanke."

A yanke! A yanke me, iskar? Ɗan ga-ruwa ya yi dariya har da dafa kura. Ni kuwa na haifi wanda ya girmi yaron nan.

Ba shi na fi jin haushi ba, ɗan aike ne. Jihar nan ta Katsina dam ne ba mu da shi? Ga Ajiwa nan kusa a Batagarawa, ga Jibiya, ga Sabke ta wajen Daura. Zobe a Dutsin-ma tun 1983 aka gama shi, ya yi shekara da shekaru yana kallon sama, sai 2021 aka buɗe aikin ruwansa, muka ce wahala ta ƙare. Gwamnati ta zo, gwamnati ta tafi, kowace da almakashin yanke ƙyalle, mu kuma da jarka.

Ɗana ya nuna min a waya: tafkin Powell na Amurka, wanda ke kwance cikin kwazazzaban kogin Kolorado, a 2023 ya yi ƙasan da bai taɓa yi ba tun cikarsa, amma kullum sai an sa awon ruwansa a intanet, har mai zuwa yawo da kwale-kwale ya san inda zai sauke jirginsa. Mu tambaya ma rashin kunya ce. Shan iska a bakin dam kuwa, wa zai kwashi iyali ya kama hanyar Jibiya don nishaɗi da 'yan bindigar nan?

Mu ma da namu. Mai kuɗi ya haƙa burtsatse ya rufe ƙofa, talaka ya ce "sai haƙuri", kowa ya yi gum.

Na biya ɗan ga-ruwa, takardar na hannuna. Yana tura kura ya waiwayo: "Alhaji, gobe fa akwai ƙari, mai burtsatse ya ce dizal ya tashi."