A Bar Waƙa Ta Kai Ƙarshe

Babu abin da ke ɓata mini rai kamar mai gabatar da shiri a rediyo ya saka tsohuwar waƙa, sannan ya hana ta sakat da surutu. Muna makarantar kwana, daren Asabar mukan kewaye ƙaramar rediyon wani ɗan ɗakinmu, wadda muke shanya batirinta a rana don ya ƙara kwana, mu saurari zaɓi sonka ƙasa-ƙasa kada malamin kula da ɗakuna ya ji. Mai kaset kuwa sarki ne a cikinmu, ko da yake da biro ake naɗe zaren idan ya harɗe.

Yanzu da zarar kalangun Shata ya ɗauki zafi, sai a rage sauti, a shiga gaida alhazai da hajiyoyi ɗaya bayan ɗaya, a biyo da tallar maganin basir. Bawan Allahn nan ya rasu tun 1999, ba zai sake rera wata ba, amma ko baiti biyu ba a barinsa ya kai. Jiya ina cikin mota, 'yan amshi na shirin karɓa ke nan, aka yanke aka karanto lambar waya har sau uku.