Ni da gidan kwantena

Gajiya ce ta kai ni ga gidan kwantena. Shekara uku ina da fili can wajen Janguza, duk sanda na tara kuɗin suminti sai in je kasuwa in tarar farashin ya yi gaba ya bar ni, ga birkilan da na ba aikin katanga ya cinye kuɗin bulo ya ce wai ruwan sama ne ya narkar da su. Sai wani abokina ya ce in sayi kwantena mai ƙafa 40, a yanka mata ƙofa da tagogi, a raba ɗaki da falo da banɗaki, a kawo min gidana a mota kamar kayan lefe. Na ce shi ke nan, ni da magina haihata haihata.

Da na faɗa wa Hajiyarmu sai da ta daɗe tana kallona sannan ta ce, "Yanzu duk bokon nan naka a akwati za ka ƙare?"

Kafin ranar kawowa falamba ya gama binne fayif ɗinsa, an zuba ginshiƙan da za ta hau. Mota mai kiren ta iso, lungu ya yi mata kaɗan, wayoyin lantarki kuma sun sauko kamar igiyar shanya, sai da yara suka ɗaga su da gora, kuma ranar ce kaɗai a rayuwata na yi murna da kwana uku ba a kawo wuta ba. Ana cikin haka aka kira la'asar, na ce bari in yi salla in dawo.

Na dawo na tarar sun sauke sun tafi. Ƙofar gidana tana kallon katangar maƙwabcina, tsakaninsu ko akuya ba za ta wuce ba. Na kira direban, ya ce "Alhaji ai ba ka ce ga gabas ga yamma ba," in ina so ya dawo sai na sake biya cif. Samarin unguwa suka ce yallaɓai a ba mu na shayi mu juya ta. Abin da ko babu komai a ciki ya kusa tan 4! Su goma sha biyu suka yi ta nishi, ko gezau, amma na shayin sai da suka karɓa.

Mai walda ya fasa sabuwar ƙofa ta baya, sai kuma muka lura fayif ɗin masai yanzu yana ƙarƙashin falo, daidai inda uwargida ta ce za a sa kujera mai cin mutum uku. Falamba ko kunya babu ya ce, "Oga ko a mai da falon banɗaki? Zai yi faɗi."

Mai wayarin shi ma ya bar min tarihi. Ya manta bai haɗa wayar ƙasa ba, gida kuma ƙarfe ne tun daga sama har ƙasa, ranar da aka kawo wuta na jingina da bango ina waya, salatin da na yi har bakin titi an ji.

Amma zafin nan laifina ne. An ce a sa soso mai tare zafi tsakanin ƙarfe da silin bango, na ɗauka cuta ce na hana. Uwargida ta zo gani da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, minti biyu ta yi ta fito tana fifita da mayafi, ta ce "Baban Ummi, gurasa za mu dinga gasawa a nan?" Aka ɓalle komai aka sa soson, kafinta ya ɗora rufin kwano a sama.

Saura sokawe da matakala, wa zan kira? Birkilan nan dai. Ya zo yana murmushi, ya ce "Alhaji ai na ji an ce ka daina harka da mu."

Mun tare sati biyu ke nan. Kullum da sassafe sai yaro ya ƙwanƙwasa taga wai a ba shi magi da omo, jiya kuwa wata baiwar Allah ta miƙo wayarta ta ce a sa mata caji, za ta dawo bayan magariba. Na karɓa na sa mata.