Masu cewa lalaci ne ya sa yaranmu son karatun waya

Har yau in an zauna hirar zamanin korona sai wani ya ce wai yaran nan daɗin barci kawai suka ji, tsoron cuta ƙarya ne, sun samu dalilin gudun makaranta ne. Toh ni dai wannan magana ba ta shiga kaina, musamman in yaranmu na nan Makka ake nufi.

Ku tuna yadda abin ya zo. Ranar 2 ga Maris 2020 aka samu mutum na farko mai cutar a Ƙaɗif da ke gabashin Saudiyya, ranar 9 ga wata aka rufe makarantu da jami'o'i gaba ɗaya, kafin nan ma an riga an dakatar da Umara. Ƙarshen watan aka killace unguwannin Misfala da Nakkasa da Hosh Bakar da Ajyad a nan Makka, 2 ga Afrilu kuma Makka da Madina duka aka sa dokar hana fita dare da rana. Yaron da tun tasowarsa bai taɓa ganin Harami ba ɗawafi ba, ya gani a talabijin fili fetal, kuma ka ce masa kar ya ji tsoro? Haba.

Kuma tsoron nan ba don kansu ba ne, wannan ne mutane ba sa ganewa. Gidajenmu ai kun san su, ɗaki biyu mutum goma, ga kaka mai ciwon suga ga baba mai hawan jini, banɗaki ɗaya. Wata yarinyar maƙwabtanmu 'yar sanawiyya, wato babbar sakandare, uwarta ta ce min in ta sauko karɓar saƙo a ƙofa sai ta wanke hannu har fatar ta fara tsagewa, ba ta ko yarda ta zauna kusa da kakarta, wai kar ta zama ita ce sanadi. Irin wannan ko za a ce mata malalaciya?

Shi kuma karatun na intanet da ake cewa sun ji daɗinsa, wane daɗi. Eh gwamnati ta yi ƙoƙari ba ƙarya, ga tashoshin darussa na Ain a talabijin da YouTube, ga manhajar Madrasati da aka fara da ita a sabuwar shekarar karatu ƙarshen Agusta 2020, 'yan jami'a kuma suna kan manhajar Blackboard. Amma manhaja ba ta sayen waya. Gidan da yara huɗu ke karatu da jawwal, wato waya, ɗaya na uwa fa? Allah ya taimaka an raba lokaci, manya da safe 'yan firamare sai ƙarfe uku na yamma, da ba haka ba wallahi dambe za a riƙa yi kullum, duk da hakan ma kafin yamma caji ya ƙare data ta ƙare, malama na kiran suna yaro na neman inda netwok zai kama, ƙaninsa na kuka, uwa na soya albasa, shi ya sa da yawansu ba sa buɗe makirfo ko sun san amsar, kunya suke ji a ji hayaniyar gidansu. Uban kuma yana zaune ba aiki tun da alhazai ba su zo ba, Hajjin 2020 ai na mazauna ƙasa ne kawai su ma 'yan kaɗan.

Akwai 'yan wasa, ban musa ba. Na san masu shiga aji su ajiye waya ƙarƙashin filo su koma barci, lokacin jarabawa kuma amsa na yawo a WhatsApp. Amma irin waɗannan ko a cikin aji ma bencin baya suke zama.

Abin da ya fi tabbatar min shi ne lokacin komawa. Ƙarshen Agusta 2021 aka ce 'yan mutawassiɗa, wato ƙaramar sakandare, da sanawiyya su koma in sun kammala allurar rigakafi, ana duba shaidar allurar a manhajar Tawakkalna, 'yan firamare sai Janairun 2022. Yaran layinmu da ake cewa ba sa son makaranta su ne suka riƙa damun iyaye a kai su allura, kuma sai da suka tabbatar an yi wa tsofaffin gida tasu tukuna hankalinsu ya kwanta. Ita waccan yarinyar ma da ta koma, ta daɗe tana sa takunkumi biyu, in ta dawo sai ta cire abayarta a bakin ƙofa kafin ta shiga gaida kakar.