Asibitin ƙauye ba aikin Abuja kaɗai bane

Da an ce babu magani a asibitin sha-ka-tafi na ƙauye sai kaji ana cewa "ai Abuja ce ta hana". A'a fa, abin ba haka yake ba. Allurar rigakafi dai gwamnatin tarayya ke samowa ta hannun NPHCDA, hukumar kula da lafiya matakin farko ta ƙasa, amma ma'aikatan asibitin, jiha da ƙaramar hukuma ne ke ɗaukarsu su biya su, kuma in firjin sola ya lalace ko babur ɗin da zai kai allura ruga ba mai, yawanci matsalar a nan gida take. Dokar lafiya ta 2014 ma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya matakin farko, shima ta jiha yake biyowa kafin ya iso.