Wa Ya Kamata Ya Zaɓi Waƙoƙin Sujada?

'Yan'uwana matasa, musamman ku da Allah ya ba murya da hannun kiɗa, akwai wata magana da ke jawo ɓacin rai a ikilisiyoyi da yawa, ita ce ta wanda ke da hurumin zaɓen waƙoƙin da za a rera ranar Lahadi. Shugaban mawaƙa yana ganin wannan filinsa ne, fasto ya tsaya a kan wa'azinsa. Ni a ganina magana ta ƙarshe tana hannun fasto da dattawan ikilisiya, ko da ku ne kuka kawo waƙar kuma ku ne za ku tayar da ita. Ku yi haƙuri ku ji dalilina kafin ranku ya sosu.

Waƙa koyarwa ce. A Kolosiyawa 3:16 Manzo Bulus ya haɗa su wuri ɗaya, ya ce mu riƙa koya wa juna muna yi wa juna gargaɗi da zabura da waƙoƙin yabo da waƙoƙin ruhu. Ka tambayi mutum ranar Laraba abin da aka yi wa'azi a kai, da ƙyar ya kawo maka magana ɗaya. Amma amshin waƙar da aka rera yana bakinsa, yana yin sa a hanya, 'ya'yansa ma sun ɗauka. Wanda ya zaɓi waƙa, shi ya zaɓi abin da jama'a za su haddace game da Allah. Kuma nauyin tsare koyarwa, Littafi Mai Tsarki a kan dattawa ya ɗora shi. A Ayyukan Manzanni 20:28 su aka ce su kula da garken, a Titus 1:9 kuma su aka ce su riƙe sahihiyar koyarwa har su iya tsawata wa mai saɓa mata. Ibraniyawa 13:17 ta ce za su ba da lissafin rayukan da aka danƙa musu. To ta yaya mutum zai ba da lissafin abin da bai ma san za a rera ba sai da ya ji an buga ganga?

Wannan damuwa ta daɗe a cikin ikilisiya. A ƙarni na 4, Ariyus na Iskandariya ya koyar cewa Yesu, Ɗan Allah, halitta ne, ba daidai yake da Allah Uba ba. Ya saka koyarwarsa cikin waƙoƙi masu sauƙin ɗauka, har matuƙan jirgin ruwa da matafiya suna rera su. Majalisar shugabannin ikilisiya da ta zauna a Nikiya ta yi watsi da koyarwar a shekara ta 325, amma rikicin ya ci gaba shekaru da dama bayan haka. A cikin ƙarnin ne kuma majalisar Lawudikiya ta hana rera zaburar da mutum ya tsara da kansa a cikin sujada. Ba ina cewa mu koma wannan doka ba, sabuwar waƙa abu ce mai kyau, Zabura 96 ma da kiran rera ta ta fara. Martin Luta a Jamus ya yi amfani da ƙarfin waƙa ta hanya mai kyau, ya tsara waƙoƙi da harshen da talakawa ke ji, aka fara buga su a littafi a 1524, koyarwar ta shiga gidajen da littattafan tauhidi ba su taɓa shiga ba.

Duk da haka kada wani ya ɗauka ina cewa mawaƙa su zama 'yan amshin shata. A 1 Tarihi 15:22 an ɗora Kenaniya a kan waƙa ne domin ya gwanance a kanta. A sura ta 25 Dawuda ya keɓe 'ya'yan Asaf da Heman da Yedutun, gwanaye 288 da aka horar. Suna da gwaninta, kuma suna aiki ƙarƙashin umarnin iyayensu da na sarki. Fasto da yawa bai san ko waƙa ta yi wa jama'a tsayin murya ba, bai san wadda za ta bi wata ba tare da tuntuɓe ba. Ku kuka san wannan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake zaɓen. Daren Asabar a wurin gwaji, wani ya ciro waya ya kunna waƙar da ke tashe a YouTube, kowa ya ce ta yi daɗi, aka koye ta, ba wanda ya zauna ya karanta kalmominta layi bayan layi. Washegari aka tayar da ita da muryar da ta dace da mai jan waƙa shi kaɗai. Ka waiwaya bayan majami'a ka ga tsohuwar da ta shekara arba'in tana yabon Ubangiji ta yi shiru, tana kallon masu makirufo. An hana ta yin abin da ya kawo ta. A kujerar gefenta akwai matar da ta binne mijinta a makon, kuma duk waƙoƙin ranar na rawa ne da nasara, babu ko ɗaya da ta ba ta bakin kuka a gaban Allah. Alhali cikin Zabura 150 da yawa kuka ne. Zabura 13 da tambayar "har yaushe" ta fara. Fasto ne ya je gidan makokin, shi ya san wanda ke zaune a wace kujera da irin nauyin da ya shigo da shi, shi ya sa dole a ji ta bakinsa.

Saboda haka kafin ku kai waƙa gaban jama'a, ku rubuta kalmominta a takarda, ku karanta ba tare da kiɗa ba. Me ta ce game da Allah, kuma a ina Nassi ya faɗi haka? Yaro da tsoho za su iya bin ta? Bulus ya ce zai yi waƙa da ruhu, ya kuma yi da fahimta (1 Korantiyawa 14:15), don haka idan da harshen da rabin jama'a ba sa ji aka yi ta, a yi musu bayaninta ko a nemi wata.

Iyayenmu fastoci, ku ma da girmamawa nake roƙonku. Ku ba shugaban mawaƙa nassin wa'azi tun tsakiyar mako, ku zauna da shi ko na minti goma ne. Kada ku sakar masa komai, sannan ku kunyata shi daga kan bagadi idan ya yi kuskure.

Kai kuma ɗan'uwana, ranar da fasto ya ce a ajiye waƙar da ka sha wahalar koya wa mawaƙa, na san akwai ciwo. Kada ka yi fushi ka daina zuwa gwaji, kada kuma ka tara 'yan ƙungiya ana gunaguni. Ka same shi shi kaɗai ka tambayi dalili. Idan layi ɗaya ne matsalar, sau da yawa ana iya barin wannan baitin a rera sauran. Idan kuma kana ganin ya yi kuskure, ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka nuna masa inda waƙar ta samo maganarta, ka bar shi da dattawa su yanke shawara.