Kwallin jarirai da lambar NAFDAC

Jiya a Agege wajen suna na ji wata Hajiya tana cewa wai in da kwalli yana da illa ai da gwamnati ta hana sayar da shi tuntuni. To Hajiya ba haka abin yake ba fa. NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna wadda aka kafa a 1993, kayan da kamfani ya kai mata rajista take gwadawa, shi kuwa kwallin da ake aunawa a ƙullin leda a Mile 12 ko Idi-Araba waye ya kai shi? Babu lamba, babu sunan kamfani, ba wanda ya duba.

Kuma dutsen kwalli mai ƙyallin nan, wanda Yarbawa ke kira tiro, yawancinsa dalma ce, irin gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, sai dai can ta haƙar zinare ta biyo. Jariri ya murza ido ya kai hannu baki, shi kenan ta shiga jini, kuma ba lallai ki ga alama ba, a hankali take taɓa ƙwaƙwalwa, sai ya shiga makaranta a ce ba ya gane karatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce dalma ko kaɗan ce a jinin yaro tana cutarwa.