Dukiyar Alhaji Ta Alhaji Ce

Assalamu alaikum, 'yan uwana matasa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da kunnena ya jiye mini a wata majalisa a nan Birnin Kebbi, wadda har yanzu ta ƙi barin zuciyata. Samari ne suka kewaye waya suna kallon wasan barkwanci mai dogon zango, inda ɗan wani attajiri ya nemi kuɗin sabuwar waya, uban ya ce masa ya je shago ya yi aiki tukuna. Nan take majalisa ta kaure da tsinuwa, wannan ya ce marowaci, wancan ya ce ƙanƙamo, har wani ya buɗe baki ya ce ai duk abin da tsohon ya hana yau, gobe a gado za a ɗauka. Subhanallahi! Yaro yana ƙirga kwanakin mahaifinsa saboda waya, kuma babu ko ɗaya a wurin da ya tsawata masa.

Ku tsaya ku yi tunani a kan dalilin da ya sa masu rubuta irin waɗannan wasanni, a nan gida da ƙasashen waje, suke yawan nuna uba mai hali yana riƙe hannu ga 'ya'yansa. Idan uba zai biya duk abin da ɗa ya nema, to labari ya ƙare tun bai fara ba, domin ja-in-ja tsakanin mai nema da mai hanawa shi ne ke haifar da dariya. Sannan mafi yawan masu kallo talakawa ne, kuma ba za su ƙaunaci gidan da ake facaka da kuɗi ba, amma idan suka ga ɗan mai kuɗi yana lallashin ubansa kamar yadda nasu suke yi, sai su ji gidan ya zama nasu. Babban dalilin kuwa shi ne marubutan sun kwaso abin ne daga rayuwa. Uban da ake nunawa kusan kullum mutum ne da ya tashi ba shi da komai, ya san abin da ake kira kwana da yunwa, yana tsoron kada daɗin da ya sha wuya kafin ya samu ya zama sanadin lalacewar zuriyarsa. Akwai wani shiri da aka fara nunawa a Amurka a 1984, uban gidan likita, uwar lauya, wanda tun a fitowa ta farko uban ya zaunar da ɗansa, ya ƙirga masa kuɗin wasa a matsayin albashin wata, ya riƙa zare na haraji da na haya da na abinci har hannun yaron ya koma wayam. Amurkawan da kuke kwaikwayo a aski da sutura ke nan, su ma sun san kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ku kuwa kun kalli wasan, kun yi dariya, kun zubar da darasin, kun tashi da zagin uba.

Wannan zagin shi ne yake ƙona mini rai. Wa ya gaya maka dukiyar mahaifinka taka ce alhali yana raye? Hadisi ya zo cewa kai da dukiyarka na mahaifinka ne, ba a taɓa juya maganar ba. Haƙƙinka a kansa ci da sha da sutura da muhalli da ilimi da tarbiyya ne, gwargwadon hali, kuma babu malamin da ya lissafa mota ko waya mai tsada a ciki. A Suratun Nisa'i, aya ta 5, Allah ya hana a damƙa wa wawaye dukiya, a aya ta 6 kuma ya ce a jarraba marayu, sai an ga shiriya a tare da su sannan a miƙa musu abinsu. Ku lura, dukiyar marayan ce ta kansa, amma duk da haka sai an gwada hankalinsa. To ina ga wanda ubansa ke raye, bai taɓa juya ko naira dubu ta zama dubu biyu ba, amma yana son a buɗe masa asusu ya ɗiba?

Ban ce babu rowa a duniya ba. Akwai mazan da ke barin iyali da yunwa alhali rumbu cike yake, kuma shari'a ba ta goyi bayansu ba, domin da Hindu ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan cewa mai maƙo ne, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta bisa adalci. Amma abin da zai isa aka ce. Yaron da ya ci ya ƙoshi, aka biya masa makaranta, ya kwana a ɗaki mai fanka, sannan ya fito majalisa yana kiran mahaifinsa marowaci, butulci kawai yake yi.

Ku dubi waɗanda suka yi kuɗin gaske. Aliko Dangote jinin gidan Ɗantata ne ta wajen uwa, gidan da kowa ya san arzikinsa, amma da zai fara kasuwanci a 1977 rance aka ba shi, ya juya ya biya. Warren Buffett, ɗaya daga cikin manyan attajiran Amurka, ya daɗe da bayyana cewa abin da zai bar wa 'ya'yansa shi ne wanda zai ishe su su kama kowace sana'a, ba wanda zai sa su zauna babu aikin komai ba. Waɗannan ba su rasa abin bayarwa ba. Sun dai fahimci abin da kakanninmu suka faɗa tun tuni, wato ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi.

Kuma me ake yi da kuɗin idan an samu? Kowa ya sani. A zuba a cacar ƙwallo ta waya, a yi liƙi a biki don a ɗauki hoto, a yi wasan mota a titi ranar ɗaurin aure har a take ɗan wani, a saya wa abokai abin maye su riƙa kiran mutum maigida. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowane magidanci yake lissafin kwanon shinkafa kafin ya auna, amma ɗansa yana fushi don ba a canza masa mashin ba. Wasu iyaye mata ma suna da nasu kason, domin uba yana hanawa ta ƙofa, uwa tana miƙawa ta taga, wai kada ɗanta ya ji kunya a cikin sa'anninsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, idan ya bushe kuwa sai dai a karya.

Ku ji tsoron Allah, ku kame bakinku daga iyayenku, ku nemi abin yi. Ƙasar nan ba ta rasa hanyar nema ba, ga fadamar shinkafa daga Argungu har Suru, ga albasar Aliero, ga kasuwar Jega. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Wallahi ina tuna lokacin da ba ka iya bambance ɗan attajiri da yaron shagonsa. Tare suke sauke kaya daga mota, tare suke cin abinci a kwano ɗaya, wani lokacin ma an fi tsananta wa ɗan cikin, saboda kunya da kara. Attajiri yakan ɗauki ɗansa ya kai shi wurin amininsa a wani gari ya koyi ciniki a ƙarƙashin wanda ba zai saurara masa ba, sai an shekara da shekaru an ga amanarsa sannan a yanka masa jari, shi ma ɗan kaɗan. Yaro ba ya iya tambayar mahaifinsa kuɗi ido da ido, sai ya bi ta wurin baffa ko kawu, kuma idan aka ce babu, ya ce Allah ya ƙara buɗi ya tashi. Yanzu saƙo ake tura wa uba ta waya da lambar asusu, ko gaisuwa babu, idan ya yi jinkiri a kai ƙararsa majalisa. Dattawan da a da za su kira yaro su ja masa kunne sun yi shiru, wasunsu saboda gajiya, wasunsu kuwa saboda nasu 'ya'yan sun fi na kowa sangarta.